Maɓallin da Ban Nuna wa Malam Ari ba

Duk wanda ya ce muku sa kamera a mota liƙawa ce a gilashi da cusa waya a ramin kunna sigari, bai taɓa tsayawa a gaban jandarma da kartin ajiyar hoton kamera a hannu ba. Ni na tsaya. Ina ganinku a bakin Kasuwar Dole, kun jera kwalaye a tebur tare da caja da gilashin waya, kuna karanta wa mutane lambobin da ke jikin kwali kamar ku kuka ƙera. Ba na hana ku neman abinci. Amma tunda kuna zuwa shagona kuna tambaya wacce ta fi kyau, zan faɗa sau ɗaya, don na gaji da maimaitawa.

Da rediyon mota na fara, a wurin marigayi Malam Isufu, a wata rumfa bayan tasha a Zango. Shekara biyu aikina riƙe fitila ne da feƙe bakin waya. Kayan aikinsa ba su cika gwangwanin madara ba: turnabis biyu na kwance kusa, filaya, ƙarfen dalma da ake ɗorawa a garwashi, sai ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya yana neman wuta da shi. Akwai kuma guntun ƙahon sa da ya feƙe ya yi laushi, da shi yake tura waya ƙarƙashin rufin mota ba tare da ya karce komai ba. Har yau da ƙahon nake aiki. Mutumin ba ya yawan magana, amma yana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi. In ya gama haɗa rediyo, ba ya barin mota ta tashi sai mai tuƙa ta ya shiga ya kunna da hannunsa, ya kashe, ya sake kunnawa. Ko Alhaji mai motar na tsaye yana duba agogo, sai an kira direba. A lokacin na ɗauka tsufa ne.

Rediyo ta wuce, kaset ta wuce, na koma alarm da kilim mai sanyaya mota da fitilu. Da kamera ta fara shigowa daga Kano da Dubai, ni ne na farko a layinmu da ya yarda ya ɗauko masu tsada. Ban yarda da kwali ba tun ranar farko. Na kafa guda biyu gefe da gefe a gilashin tsohuwar motata, in tashi da hantsi in nufi Mirriya rana tana dukan fuskata, in dawo da la'asar sakaliya tana sake dukana. In na dawo sai in buɗe hotunan biyu a ordinater, wato kwamfuta, in zauna ina kallo har idona ya yi ruwa.

Biyun da na fi sayarwa a shekarun nan, ɗaya doguwa ce kamar yatsa, ɗaya dunƙulalliya kamar ƙwallon goruba, kuma haka muke kiransu a shago, Doguwa da Goruba. Doguwa ita ce mai 4K ɗin da kuke ta ambato. A rana tsaka, a kan gudron, titin kwalta mai kyau, ba ta da abokin gasa. Na sha tsayar da hotonta in karanta lambar motar da ke gabana da nisan taku ashirin, har da sunan mai fenti a ƙasan lambar. Amma ku shiga da ita inuwar itatuwan Mirriya ku fito rana, za ku ga hoton ya yi fari fat na ɗan lokaci, kamar mutumin da ya fito daga ɗaki mai duhu. A wannan ɗan lokacin ake buge mutane. Goruba ba ta kai ta kaifi ba, a taku goma sha biyu lamba ta fara narkewa. Sai dai tana daidaita haske da inuwa da sauri, kana ganin mai farar riga a rana da mai amalanke a inuwa a hoto guda. Doguwa batir ne a cikinta, kuma batir ba ya son bazarar Damagaram. Ka rufe mota da azahar a watan zafi, wata biyu ya kumbura ya ɓalle murfi. Goruba ba ta da batir, zafi bai dame ta ba.

Sai abubuwan da babu kwalin da ya san da su. Direbobinmu suna shimfiɗa farin bargo mai gashi a kan tablo a gaban sitiyari, gilashi ya riƙa maido hotonsa, kamera ta wuni tana ɗaukar gashin bargo. Suna rataya carbi a madubi, yana lilo a gaban ido. Agogon kamera yana zuwa da lokacin ƙasar da aka ƙera ta, in ba ka gyara ba hatsarin safe ya fito da rubutun la'asar. Akwai kuma na'urar jin girgiza. Aikinta, in mota ta bugi wani abu, ta kulle hoton wannan lokacin kada a goge shi. A ƙasar masu hanya sumul dabara ce mai kyau. A nan, in mota ta sauka daga gudron ta nufi Damagaram Takaya, kowane rami hatsari ne a wurinta. Kafin azahar ta kulle hoto ɗari, karti ya cika da abin da ba ya goguwa, kamera ta daina ɗauka, mai mota bai sani ba. Don haka duk motar da ke shiga ƙauye, kashe na'urar nake yi. Abin da ya rage shi ne ɗan maɓalli a gefe, wanda mutum zai danna da yatsa ya kulle hoto da kansa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ku faɗa wa masu saye, don ku ma ba ku lissafa ba. Kamera ba ta ajiya har abada. In karti ya cika, sai ta koma farko ta hau kan tsohon hoto ta rubuta sabo. Gwargwadon kyan hoto, gwargwadon saurin cika. Wanda ya ce a ƙure masa kyau, ya zaɓi gajeren tunani ke nan.

Motar Hajiya Falmata farar kat-kat ce, irin motar shiga daji, mai buɗaɗɗen baya. Hajiya mutuniyar Birni ce, asalin gidansu Barno, tana da lambuna a bakin tafkin Gidimuni, ana kawo mata rake da albasa da dabino. Direbanta Malam Ari ya tuƙa mijinta shekara ashirin kafin ya rasu, ya ci gaba da tuƙa ta. Wanda ya kawo motar shagona ɗanta ne, Bukar, ma'aikaci a Yamai, ya zo hutu. Yaro mai ladabi, amma ya riga ya gama karatun kamera a wayarsa kafin ya iso.

Na zaunar da shi, na kunna masa hotunan Mirriya gefe da gefe.

Ya ce, "Malam Lawali, ai wannan ba abin gardama ba ne. Dubi lambar nan. Waccan kuwa kamar an shafa mata man shanu."

Na ce, "Jira mu shiga inuwa."

Muka shiga inuwa, Doguwa ta makance, ya gani da idonsa. Ya ce daƙiƙa ɗaya ce. Ya zaɓi Doguwa, gaba da baya, ya ce a ƙure komai.

Na ce, "In na ƙure, kartin da ke cikin kwalin nan ba zai riƙe awa biyu ba. Ko in rage kyau, ko a sa babban karti."

Ya yi dariya. "Ku 'yan kasuwa ba ku rabo da ƙarin kaya. Hatsari awa biyu yake ɗauka? Minti ɗaya ne. An tsaya, an cire karti, shi ke nan."

Maganarsa ba ta wauta ba ce, kuma mutum da kayansa. Na yi yadda ya ce. Na kashe na'urar girgiza, na gaya masa dalili. Na nuna masa maɓallin gefe, na ce in wani abu ya faru a danna wannan kafin komai. Ya ce ya gane, har ya ɗauki hotonsa a waya.

Duk wannan lokacin Malam Ari yana waje a gindin dogon yaro, a kan benci, yana jan carbi. Kun san yadda muke. In ɗan mai gida yana cikin shago, direba ba ya shiga ya zauna, kai ma mai shago ba ka tsallake mai kaya ka je kana yi wa direbansa bayani, sai ya zama kamar ka raina shi. Na leƙa muka gaisa, na tambayi iyali, ya sa mini albarka. Bukar ya miƙa masa makulli suka tafi. Kwana uku bayan nan Bukar ya koma Yamai da hoton maɓalli a wayarsa.

Wata huɗu ban ji komai ba. Ran nan bayan azahar waya ta shigo, Hajiya ce da kanta.

"Lawali, kana ina? An riƙe Ari. Ka zo da abin da kake buɗe kamerar nan."

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya gaya mini daga baya. Ya taso daga Gidimuni wajen ƙarfe tara da lodin rake. Kafin Hamdara, wata babbar mota da ke gabansa ta goge wani mai babur ta wuce, ba ta ko rage gudu ba. Mutumin ya faɗi a gefen gudron, babur ɗin ya zame ya tare hanya. Malam Ari ya taka birki, amma sai da ƙarfen gaban motarsa ya taɓa babur ɗin. Babu wanda ya tsaya a wurin sai shi. Ya sauka, ya tarar mutumin ba ya magana, jini na zuba daga kai. Ya cire rawaninsa ya ɗaure masa, ya ɗauke shi ya sa a kujerar baya. Ya kai shi ɗakin shan magani mafi kusa, suka tsayar da jinin suka ce a wuce da shi nan Zinder. Bai kashe mota ba ko sau ɗaya, don kilim ya riƙa yi wa mara lafiya sanyi. A ƙofar asibiti ma ya bar ta a kunne, ya shiga neman gadon turawa. Da dangin mutumin suka iso, abin da suka gani shi ne dattijo da jini a riga, jini a kujera, fentin babur ɗin ɗan'uwansu a gaban motarsa.

Ban ga laifinsu ba. Ban ga laifin jandarma ba. Abin da ke gabansu ke nan.

Na isa birgad, ofishin jandarma, da ordinater a hammata. Malam Ari yana zaune a benci babu hula. Da ya gan ni sai fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ga mai abin ya zo. Ranka ya daɗe, yanzu za ku gani da idonku."

Na cire karti a gaban shugaban birgad, na sa, na buɗe. Hoton farko da ke ciki ya fara ne ƙarfe goma da rabi, mota ta riga ta wuce Mirriya. Na sake dubawa. Na buɗe na kamerar baya, shi ma haka. Na duba wurin ajiyar hotunan da aka kulle, babu ko ɗaya. Abin da ya rage, kusan rabinsa ƙofar asibiti ce. Ban taɓa ganin hoto mai kyan wannan ba. Ana karanta rubutun allon sanarwa, ana ƙirga ƙosai a farantin mai talla.

Shugaban ya ce, "Ina hatsarin?"

Na ce, "Ta hau kansa."

Malam Ari ya ce, "Ta hau kansa kamar yaya, Malam Lawali?"

Na yi masa bayani a gaban mutane, bayanin da ya kamata in yi masa a gindin dogon yaro. Na ce da an danna maɓallin gefe da hoton yana nan.

Ya ce, "Wane maɓalli?"

Aka karɓi permi ɗinsa na tuƙi, aka shiga da shi ciki. Mai babur bai farfaɗo ba tukuna, kuma kowa a wurin ya san in ya cika, maganar ta tashi daga hatsari ta koma rai.

A waje Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Lawali, ni ban san reglaj ɗin da kuke saita kamera da shi ba. Na san mutumin nan ya yi shekara ashirin bai taka ko kaza ba. Kai ka sa abin, kai za ka nemo."

Hoton da aka hau kansa ba ya dawowa, kada wani mai gyaran waya ya ruɗe ku. Abin da ya rage mini ɗaya ne. Hanyar Gidimuni ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma yawancin kamerorin da ke bin ta ni na sa su. Na rufe shago na shiga bin motoci. Na fara da manyan mutane, don su ke da masu kyau: wani ɗan kwangila, motocin wata ƙungiya guda biyu, wani Alhaji mai kai siminti gabas. Uku daga cikinsu sun bi hanyar a safiyar. Duka ukun kartinsu ya zagaya ya goge tun a ranar, don duka ukun sun ce a ƙure musu kyau, ni kuma na ƙure. Kowace rana da ta wuce, na san wani kartin yana cin abin da nake nema.

A rana ta huɗu na koma tasha wurin ƙananan bas. Akwai wani Mutari, mai bas ɗin fasinja da ƙofarta ke ɗaure da igiya. Shekarar da ta wuce na sa masa tsohuwar Goruba da wani ya canza, da babban kartin da ya zo da ita. Shi bai damu da kyau ba, cewa ya yi yana so in fasinja ya ce an sauke masa buhu a inda ba a sauke ba, ko bayan mako ne a iya dubawa. Don haka na sauke masa hoton zuwa ƙasa can.

Na ce, "Mutari, ran Talata da safe ka yi gabas?"

Ya ce, "Kullum ina yi. Wane ne ya ce na ɗauki kayansa?"

Muka zauna a cikin bas ɗin, zafi kamar tanda, ina turawa gaba. Hoton dishi-dishi, gilashinsa ma ya tsage. Ƙarfe tara da kwata, bayan Hamdara, sai ga babbar mota ta taho ta wuce shi a guje. Daƙiƙa kaɗan, ga mutum kwance a gefen hanya, ga babur a tsakiya. Can nesa, ƙarama kamar akwatin ashana, ga farar kat-kat da rake a baya tana tahowa, ba ta iso ba tukuna. Ana ganin ta tana nutsa hanci da birki, ta taɓa babur ɗin da babu kowa a kai, dattijo ya buɗe ƙofa. Daga nan bas ta wuce.

Mutari ya ce, "Na ga an tsaya masa, shi ya sa na wuce. Fasinja sun cika."

Na ce, "Ban tambaye ka ba. Tashi mu je."

A birgad an kalli hoton sau biyar. Shugaban ya ce in tsayar a kan babbar motar in ƙara girma. Na ƙara. Lambar ta zama tabo fari, ko harafi ɗaya ba ya fita. Da Doguwa ce da an karanta ta har da sunan mai fenti. Ba a taɓa samun mai motar nan ba. Mai babur ya farfaɗo bayan mako biyu, bai tuna komai ba, yana nan da rai yana jan ƙafa. Malam Ari ya fito a rana ta shida da permi ɗinsa.

Wannan ce muguwar shekarata. Labarin da ya zagaya gari ba na bas ɗin Mutari ba ne, cewa aka yi kamerar Lawali tana mantuwa. Manyan motoci suka daina tsayawa a ƙofata. Bazarar shekarar kuma ta kumbura mini kwali guda na Doguwa a cikin motocin mutane, ina cirewa ina canzawa. Na koma gyaran fitila da kilim kusan wata takwas. Bukar ya kira daga Yamai ya ba ni haƙuri, na ce ba shi kaɗai ba ne. Shi ya zaɓi reglaj, amma ni na san hanyar, ni na san mutanenmu ba sa tsayawa cire karti in mutum yana zubar da jini, kuma ni na bar direba a benci.

Yanzu in kuka tambaye ni wacce ta fi, sai in tambaye ku motar ina take zuwa, kuma awa nawa ne daga can zuwa asibiti. Da wannan nake auna karti da kyan hoto, in ninka sau uku. Maɓallin gefe kuwa ina ɗiga masa jan farce, wanda mata ke shafawa, kwalba ɗaya tana yi mini shekara. Kuma ko gwamna ne ya kawo mota, ba ta tashi sai mai tuƙa ta ya shiga ya danna da yatsansa. Wasu suna jin haushi, suna duba agogo. Ina barinsu su duba.

Malam Ari ya dawo da motar bayan sallar layya, shi kaɗai. Ya tsaya a ƙofa kamar yadda ya saba. Na ce ya shigo ya zauna, sai da na faɗa sau uku. Na sa babban karti, na rage hoton zuwa tsaka-tsaki, na nuna masa a ordinater.

Ya ce, "Bai kai na da kyau ba."

Na ce, "Bai kai ba."

"Awa nawa yake riƙewa?"

"Daga asuba zuwa magariba, da saura."

"To, bar shi haka."

Muka fita wurin mota. Ya zauna a kujerarsa, na nuna masa jan ɗigon. Ya danna, kamera ta yi ƙara sau biyu. Ya sake dannawa. Ya daɗe yana kallon abin.

Ya ce, "Wato in na sake ganin mutum kwance a hanya, in danna wannan, sannan in sauka."

Na ce, "Haka ne, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya tayar da mota.

Ya ce, "Gara da ka nuna mini. Wata biyu ke nan ina tuƙi ina gaya wa kaina, in na gani, wucewa zan yi."